Tsakanin Makaranta da Makabarta

Sallama gare ku, masu bin wannan labari. Wata baiwar Allah ta rubuto a ƙasan kashin makon jiya cewa, "Baba, kai ne matsalar gidan nan." Na karanta, na ji zafi, na ajiye wayar na sha ruwa. Yau zan ba ku abin da ya faru ku yi mini alƙalanci, amma a yi a hankali, ina da hawan jini.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni ma'aikacin gidan yankan katako ne, shekara ashirin da shida ina tsaye a kan inji ɗaya. 'Ya'yana uku. Maza biyu sun kama gabansu, saura autar, mai sunan mahaifiyata, shi ya sa nake ce mata Mamana. Tana da shekara bakwai zazzaɓi mai zafi ya kwantar da ita, ta tashi ba ta ji. Magana tana yi, don ta iya kafin ciwon, sai dai ba ta san ƙarfin muryarta ba. In ta so yi maka raɗa, har maƙwabta sai sun amsa. Jinta a ido yake. Ta kalli leɓenka kawai ta gama karance ka, har abin da ka fasa faɗa. In za mu kira ta a gida, fitila muke kashewa mu kunna, in kuma uwarta na sauri sai ta jefe ta da filo.

Yanzu shekararta ashirin da huɗu. Tana aiki a ofishin wata babbar makaranta a ƙarshen gari, ita ke buga musu takardu a kwamfuta. Shekara biyu ke nan, kuma ba ranar da ta taɓa tafiya ita kaɗai. Ni ne kunnenta. Ƙarfe bakwai mu fita, ita da baƙar jakarta a hammata da mayafin da ta goge tun jiya, ni da hulata da laima ko babu hadari. In kai ta har bakin ƙofa, in juyo in kama aikina ƙarfe tara. Dawowa ba ta da wuya, don duk motar da ta taso daga can tasha take zuwa, daga tasha zuwa gida kuwa tafiyar ƙafa ce.

Zuwan ne matsala. Bas-bas ɗin tasharmu launinsu ɗaya, kuma babu rubutu a gaban ko ɗaya, saboda direbobi musayar hanya suke yi kullum. Wadda ta je asibiti jiya, yau kasuwa za ta. Abin da zai gaya maka inda mota ta nufa bakin kwandasta ne kawai. A layinmu kuma akwai wasu motoci iri biyu da ke lodi a jere, masu zuwa Makaranta da masu zuwa Makabarta, wato unguwar da ke jikin makabartar gari. Ku gwada faɗin kalmomin nan biyu da sauri sau goma, kuna dukan jikin mota da tafin hannu, ga inji na kuka, ku ji abin da zai fito. To a nan ake so in saki yarinyar da ba ta ji.

Abin da ke ƙona mini rai da ita a tashar nan shi ne nawar da take yi. Sai na ji kwandasta na nufi mota, sai ta ja hannun rigata wai igiyar takalminta ta kwance. Gobe wai ƙishirwa take ji. Jibi wai in tsaya ta duba ko ta ɗauko makullin ofis. Kafin ta gama motar ta cika ta tafi, sai mu shiga ta bayanta. Na yi faɗa har na gaji na sa mata ido.

Ana nan, ranar Talata mai gidan katako ya tara mu ya ce maƙwabta sun kai ƙara saboda ƙarar injinmu da yamma, don haka daga Litinin ƙarfe bakwai za mu fara mu tashi da wuri. Da na dawo na same su a falo, uwarta na ninke wanki a kan doguwar kujera, Mamana na zaune a ƙasa tana yanke farce. Na kashe fitila na kunna, ta ɗago. Na tsaya inda haske ke haska fuskata na yi mata bayani dalla-dalla, na ce ta rubuta takarda ta ajiye aikin har Allah ya kawo wanda zai riƙa raka ta.

Ta ce, "Baba, zan je ni kaɗai."

Na lissafa mata abin da nake tsoro. Ta shiga motar da ba tata ba ta ɓace. A canza hanya a faɗa da baki kowa ya ji ban da ita. Mota ta lalace a ce kowa ya sauka, ta zauna tana kallon taga. Tana kallona har na gama, sannan ta ce shekarar da na yi aure ma ban kai shekarunta ba, ta ci gaba da yanke farcenta. Na juya wurin uwarta neman taimako, sai ta miƙo mini ƙafar safa ɗaya ta ce ko na san inda 'yar'uwarta take.

Washegari Yaya, babbar yayata, ta kira ni a waya. Ban san wa ya kai mata labari ba. Ta ce tun farko ita ba ta ga dalilin aikin nan ba, kuma in na bar yarinya mai lalura tana yawon tasha ita kaɗai, dangi cewa za su yi mun gaji da ita. Rabin maganar layin ba kyau ban ji ba, amma rabin da na ji ya ishe ni.

Yanzu ga inda baiwar Allahn nan za ta sake rubuto mini. Ranar Alhamis da safe Mamana na wanka, wayarta na caji a kan teburin falo, sai ta yi zuuu tana walƙiya. Ni ban ɗauka ba, leƙawa kawai na yi, hannuna ne ya wuce ni. Sunan da ta sa wa mai saƙon Dogon Alli, da ɗan hoton fure a gefe. Ga abin da na gani:

"Ta fari ta fita tun asuba. Ta biyu ba ta da lafiya. Ki shiga ta uku."

Na sa tabarau na ja sama. Na jiya ya ce, "Ta fari tsohuwa ce, sai tari take yi, kar ki kula ta." Na shekaranjiya ya ce, "Ta uku ta ƙi tashi yau, sai da muka taru muka tura ta. Ki zo ki shiga ta huɗu, na riƙe miki wuri kusa da taga." Ita kuma amsarta kullum, "To, Allah ya saka." Sai wuri ɗaya da ta ƙara da cewa, "Rigar jiya ta karɓe ka, amma ka goge bayan kunnenka."

Jama'a, ku sa kanku a matsayina. Mutum mai mata uku, ɗaya tsohuwa mai tari, ɗaya ba lafiya, ɗaya sai an taru an tura ta take tashi, yanzu kuma 'yata yake so ta cike masa ta huɗu, har ya ware mata gado kusa da taga. Ita aka ce ta shiga ta uku, amma ni ne na shiga ukun.

Na kwashi wayar na yi kicin da takalmi ƙafa ɗaya. Uwarta na tace shayi. Na ce karanta ki ga abin da ake ƙullawa a gidanki kina nan kina ninke safa. Ta karanta, ta kalle ni, ta sake karantawa. Sai ta ajiye rariyar, ta nemi kujera 'yar tsugunno ta zauna, ta rufe fuska da gefen zani, kafaɗunta na rawa. Da farko na ɗauka kuka take, har na fara ba ta haƙuri. Ashe dariya ce ta hana ta numfashi. Na tambaye ta har sau uku, ta ce ita ba za ta ɓata mini ba, in je tagar ofishin tasha in tambaye shi da kaina, amma in fara mayar da wayar mutane inda na ɗauko ta.

Na raka Mamana ranar ko kallonta ban yi ba. Da na dawo tasha, maimakon in wuce aiki sai na nufi ofishin. Ɗan ɗaki ne mai tagar gilashi da ƙananan huji a tsakiya, ciki akwai tebur, babban littafin da ake rubuta fitar motoci, da fanka mai juyi kamar ta gaji da duniya. Ga wani saurayi siriri, in ya miƙe kansa na neman taɓa fankar, yatsunsa fari fat da alli. A jikin bango kusa da tagar an rataye baƙin allo. Watanni ina wuce allon nan, a zatona sanarwar taron direbobi ce. Ranar na tsaya na karanta. Makaranta, ta uku. Makabarta, ta fari da ta huɗu. Asibiti, ta biyu, tana gyara.

Wani abu ya ɗan ɗarsu a raina, amma na riga na taho da fushina, ba zan koma da shi gida ba. Na ƙwanƙwasa gilashin na ce, "Kai ne mai mata uku?"

Ya zaro ido. Bakinsa ya yi ta motsi a bayan gilashi, ni kuwa guna-guni kawai nake ji. Na ce ya ɗaga murya, ko bai karya ba ne? Wata mata da ke bayana ta ce, "Baba, ai har nan muna jin sa." Na ce ba da ita nake ba.

Sai ya zagayo ya fito, ya rusuna ya gaishe ni, ya jawo mini benci. Ya tsuguna a gabana, fuskarsa saitin tawa, yana magana a hankali yana buɗe baki sosai, irin yadda muke yi wa Mamana. Na lura da haka amma ban kawo komai ba.

Ya ce, "Baba, motoci ne. Jerinsu ne a layi. Ni ko ta fari ba ni da ita."

Na gyara hula na ce ai na sani, gwada shi nake.

Daga nan ya ba ni labari. Wata takwas da suka wuce, in ji shi, Mamana ta zo tagar nan da yamma ta turo masa takarda ta ƙasan gilashi. Ta rubuta cewa an kawo sabon kwandasta mai gashin baki kamar tsintsiya, ya rufe leɓensa ruf, ba ta iya karanta abin da yake faɗa. Ta tambaya ko tashar nan ta masu kunne ce kaɗai. Ya ce takardar ta hana shi sukuni. Ya kai wa shugabannin tasha, suka ce shawara ce mai kyau. Ya yanko kwalaye ya rubuta sunan kowace hanya da manyan baƙaƙe don a riƙa sawa a gilashin gaba. Masu Kasuwa suka karɓa, masu Asibiti suka karɓa suna ƙunƙuni. Da aka zo kan Makabarta kowane direba ya noƙe. Ɗaya ya ce shi ba zai tuƙa motar da aka rubuta wa makabarta a goshi ba, baki shi ke yanka wuya. Wani ya ce in ya manta ya je da ita gida matarsa sumewa za ta yi. Shugabanni suka ce ko a sa duka ko a bar duka, aka bar duka. Shi ne ya sayo allo da alli, kullum da sassafe ya bi layi ya tambayi direbobi ya rubuta. In an sami canji ya goge ya gyara, ya kuma tura saƙo. Ya ce ba ita kaɗai ba ce, mutum goma sha bakwai yake tura wa, yawancinsu kurame. Akwai wani dattijo makaho mai zuwa asibiti, shi kiran sa yake yi, in ya iso ya kama hannunsa ya kai shi mota.

Na ce, "Su ma goma sha bakwai ɗin kana riƙe musu wuri kusa da taga?"

Ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, ya bar farin alli a wurin. Nan na gane maganar bayan kunne.

Na miƙe na ce masa ya yi ƙoƙari, Allah ya biya shi, amma alli gogewa yake, waya kuma caji ke ƙare mata. Uba ne ba ya mutuwa a aljihu. Na tafi aiki na makara.

Da yamma na tarar labari ya riga ni gida. Mamana na zaune a kan kujera da rigar gida mai ɗigo-ɗigo, ta naɗe ƙafa. Ina shiga ta juya fuskarta bango. Duk duniya babu wanda ya kai ta iya kashe magana, don in ta ɗauke ido shi ke nan, ko lasifika ka ɗauko. Na kashe fitila na kunna har sau huɗu, uwarta ta ce in ƙwan ya ƙone ni zan hau in canza. Sai da ta ga dama ta juyo.

Ba ta yi maganar wayar ba, abin da ya fi damuna ke nan. Ta ce gobe Juma'a ce ranar ƙarshe da zan raka ta, don haka mu yi gwaji. In mun isa tasha mu rabu. Ni in bi kunnena, ita ta bi idonta, kowa ya zaɓi motarsa. In kunnena ya kai ni makaranta, a ranar za ta buga takardar ajiye aiki da hannunta. In bai kai ni ba, Litinin ita kaɗai za ta.

Na yi dariya na ce, "Mamana, kunne fa ya girmi kaka."

Ta ce, "Gani ya kori ji, Baba."

Uwarta ta ce ita ce shaida, kuma duk wanda ya faɗi kada ya zo mata da dogon bayani. Na yarda. Har tausayin yarinyar na ji.

Juma'a da safe ta fito da doguwar riga ruwan toka da sabon mayafi ruwan ƙasa wanda ban taɓa gani ba, har da ɗan kwalli. Na ce duk wannan na gwajin ne? Ta yi kamar ba ta ga bakina ba. Muna shiga tasha ta sake ni ta nufi wurin allo. Ni kuwa na juya wa allon baya don kada a ce na yi satar amsa. Na tsaya tsakiyar layi na kasa kunne. Motoci huɗu a jere, hayaƙi, masu tura kaya na neman hanya. Sai na ji shi raɗau daga ta biyu, mai gashin bakin nan na dukan ƙofa yana kiran Makaranta, Makaranta, saura mutum uku.

Na taka da ƙarfina. Babu wanda ya ja hannun rigata. Har na ɗan rage sauri a bakin ƙofa ina jira, ban san me nake jira ba. Na shiga na zauna, na ɗora laimata a kujerar gefe na kama mata wuri, don na san dole nan za ta zo. Ta taga na hango ta tsaye kusa da ta uku, ta toshe baki da gefen mayafi. Na ce Allah sarki, ta ga ta faɗi tana kuka. Dogon Alli ya fito da gudu kamar zai tsayar da motarmu, ta riƙe masa hannun riga. Na ce a raina, kun ga, har shi ta fara koya wa nawa.

Mota ta tashi, wata mata mai kwando ta ture laimata ta zauna. Hanya ɗaya ce har babban shataletale, ina ta shirya kalaman lallashin da zan yi wa Mamana. Muna isa, maimakon dama sai direba ya karya hagu. Na taɓa kwandasta na ce a gaya wa direba ya saki hanya. Ya sunkuyo ya tambaye ni ina za ni. Na ce Makaranta. Gashin bakin ya motsa, ban ji ba. Matar kwando ta kawo bakinta daidai kunnena ta ce, "Makabarta, Baba. Tun a tasha yake faɗa."

Mota duka aka juyo ana kallona. Kwandasta ya ce ko a sauke ni a nan in tari wata. Ni da furfurata? Na gyara zama na ce ai abin da na ce ke nan, Makabarta, su ne ba sa ji da kyau.

Haka na bi su har ƙarshen hanya. Kowa ya sauka ya kama gabansa, aka bar ni tsaye da laima a gaban doguwar katanga da itatuwa. Wayata ta motsa a aljihu.

"Baba, na iso, ina ofis. Tunda ka je, ka gaishe mini da takwarata."

A can mahaifiyata take kwance, shekara goma sha ɗaya. Na kwana biyu ban je ba. Na shiga, na nemo wurin, na tsuguna na yi mata addu'a. Da na shafa na ɗaga kai, sai na ga tsuntsaye jere a kan katanga, sun fi ashirin, kowanne na buɗe baki yana rufewa, maƙogwaronsa na rawa. Na tsaya ina kallon su. Ban ji komai ba. Ina cikin haka aka dafa kafaɗata, na zabura. Mai gadin wurin ne. Ya ce ya yi mini sallama sau uku daga bayana, har ya fara tunanin ko ba lafiya ba.

Ban je aiki ba ranar. Na koma gida na sami uwarta na shanya a tsakar gida. Ta kawo mini ruwa ta zauna a gabana. Na ce tun yaushe? Ta ce ya fi shekara. Ta ce maƙwabta sun daina sayen batirin rediyo, labarai a talabijin ɗinmu suke ji ta katanga. Ta ce in ta kira ni daga kicin sai ta yi uku, na huɗun ne nake cewa me ya sa take mini tsawa. Na ce to tashar fa, ai ban taɓa kai yarinyar nan wani wuri ba sai makaranta.

Ta ce, "Malam, takalmin nan nata da take ɗaure wa igiya kullum, ka taɓa ganin igiya a jikinsa?"

Na leƙa bakin ƙofa inda ake jere takalma. Duk na Mamana irin na zurawa ne.

Da Mamana ta dawo ba ta yi mini dariya ba, ko da yake na ga tana cije leɓe. Ta zauna kusa da ni ta nuna mini. Ta ce in kalli bakinta. Makaranta, leɓe sau ɗaya yake haɗuwa, a farko. Makabarta, sau biyu. Ta ce da wannan take gane motarmu tun daga nesa, kafin mai gashin baki ya zo ya ɓata mata lissafi. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa mini. Ta ce ta san zan ji kunya, kuma tana son hirar da muke yi a hanya. Ita a ganinta raɗa ta yi, amma na tabbata har layin baya sun ji.

Asabar na je wurin aiki na tsinci guntayen katako, na yanka alluna shida masu ƙugiya na goge su sumul, irin waɗanda direba zai rataya da safe ya cire da yamma. Na aika wa Dogon Alli da su, na ce a gaya wa shugabanni in makabarta ce ba a so, a rubuta sauran mana, wadda ba ta da allo kowa ya san inda ta nufa. Har yau suna ta taro a kai. Yaya kuma ta kira sau biyu, na ce layin ba kyau. Wannan karon ƙarya na yi.

Litinin na fita shida da rabi, na bar Mamana na shan shayi a tsaye. Na ce ta kula da tsallaka titi, ta ce to. Na ce ta duba cajin waya, ta nuna mini. Na kai ƙofa na dawo na ce ta ɗauki laima, uwarta ta tura ni waje ta rufe. A wurin aiki na tayar da inji amma na kasa sa masa katako. Na ajiye wayar a kan benci inda zan ga haskenta. Mai gida ya zagayo sau biyu yana kallona. Takwas saura minti takwas ta yi walƙiya.

"Na iso."

Kalma biyu, ko Baba babu. Na karanta su ya fi sau goma. Ina shirin mayar da ita aljihu sai ga wani saƙon daga lambar da ban sani ba.

"Baba, barka da aiki. Ni ne na tagar tasha. Akwai maganar da nake so mu kawo gida ni da kawuna, in za ka ba mu rana."

Ban amsa ba. Na ce a raina sai na yi shawara da uwarta, in kuma yi bincike, don tsawo da alli ba su ne asali ba. Da na koma gida na tarar an cire labulen falo an jiƙa, an fito da kofunan nan masu bakin zinare da ba a taɓa ba ni shayi a ciki ba. Na ce wa za a yi wa? Uwarta ta ce ƙura ce ta yi yawa.

Na nuna wa Mamana saƙon ina lura da fuskarta. Ta karanta kamar takardar ofis, sai kunnuwanta ne suka tona ta. Ta ce in na ga dama in ba su Asabar, in ban ga dama ba ita ba ta ce komai ba. Amma Laraba tamu ce, ta riga ta nemi izini a ofis, ta kuma karɓo mini kati a asibitin kunne. Na ce lafiyata ƙalau, ƙurar katako ce kawai ta toshe, man zaitun zai fitar da ita. Ta kama haɓata da yatsu biyu ta juyo da fuskata saitin tata, yadda nake yi mata tana ƙarama in ina so ta gane magana.

Ta ce, "Baba, ranar da za su zo ina so ka ji abin da suka ce, ba abin da ya yi kama da shi ba. Laraba ƙarfe takwas. Ni zan raka ka, kuma ba kai za ka zaɓi mota ba."